Zakin Kakuri Ya Dawo, Kuma a Gidana Yake Kwana

Bari in faɗa tun da wuri, kada wani ya zo daga baya ya ce na yaudare shi: masoyi ne ke magana. Wanda ke neman a yi adalci tsakanin Peugeot 3008 GT da sauran motoci, ga hanyar kotu can. Ni dai wata huɗu ke nan da na shigo da ita gida Barnawa, sabuwa dal, fara sol mai baƙin rufi, da ledarta a kujeru da ƙamshin kamfani a cikinta, kuma har yau in na kulle ta da dare na yi taku biyar sai na waiwaya. Wata rana ma sau biyu. Uwargida ta ce ko lokacin da nake zuwa zance gidansu ba ta ga na yi irin wannan waiwaye ba. Na yi shiru, domin gaskiya ta faɗa.

Ku da kuka tashi a wannan ƙetare na Kogin Kaduna, daga Kakuri da Makera zuwa Nasarawa, Television, Narayi da Sabon Tasha, ba sai na ja ku da nisa ba. Mu ba zaɓar son Fijo muka yi ba, a cikinsa aka yanke mana cibi. Tun 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, unguwar da a lokacin jiniyar masaƙu ke tashin mutane da asuba, kuma a wancan zamani kasuwa ta yi zafin da har ta jirgin sama ake kwaso kayan haɗin daga birnin Lyon na Faransa, a sauke a Kano, a loda a manyan motoci zuwa Kaduna. Muna yara mukan tsaya bakin titi mu ga 504 sababbi suna fitowa a jere, farare da shuɗaye da masu ruwan madara, kamar 'yan rakiyar amarya. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da ita motar manyan ma'aikata, direbobin tasha suka mai da wagon ɗinta jirgin ƙasa mai ƙafa huɗu, manoma suka mai da a-kori-kurarta jakin da ba ya gajiya. Turawan da suka zana ta sun daina ƙera ta a ƙasarsu tun 1983, mu kuwa a Kakuri muka ci gaba da fito da ita har bayan shekarar 2000. Har gobe in ka ce wa mai Keke "Peugeot Junction", ba zai tambaye ka ina ne ba.

Babana ma'aikacin masaƙa ne, kuma bai taɓa sayen sabuwar mota ba. Tasa 504 ɗin hannu na uku ce, duk Asabar da safe ni ne mai riƙe bokiti shi yana goge ta da tsumma kamar mai yi wa jariri wanka. Da na kawo ƙarfi na sayi 406, na yi shekara 11 ina jan ta. Allah Ya yi wa wannan mota albarka: ta kai ni ɗaurin aure, ta kai ni ta'aziyya, ta kai uwargida asibiti haihuwa har sau uku. Ta tsufa da mutuncinta, yara kuma suka girma suka fara faɗan wuri a kujerar baya. Lokacin canji ya yi.

A nan rigima ta tashi, domin mutum biyu ne ke zaune a ƙirjina kuma ba sa ga-maciji da juna. Na farko saurayi ne ɗan ashirin da biyar da ya ƙi tsufa, mai son mota gajera, faffaɗa, mai zafin nama, wadda in ka taɓa totur za ta manna maka baya da kujera, in ka shiga kwana ta bi layi kamar an ja mata zare. Na biyu magidanci ne mai 'ya'ya uku da suruka mai ciwon gwiwa, mai kai yara makaranta da sassafe, mai sayen shinkafa da buhu, wanda tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai yake lissafin fetur kamar mai rabon gado. Saurayin yana son kukan inji da gudu. Magidancin yana son faɗin but da tsayi daga ƙasa. Duk motar da ɗaya ya nuna, sai ɗayan ya taɓe baki. Wata bakwai suna wannan sa-in-sa, ni kuma ina yawo daga wannan dila zuwa wancan kamar mai neman aure a garin da ba shi da dangi.

Babu wadda ban leƙa ba. Camry, kowa ya ce mini "sayi Toyota ka huta", kuma ban ja da su ba: kayan gyaranta ko a ƙauye ka samu, ranar sayarwa kuma kuɗinka na nan. To amma jama'a, hutu na zo yi a bayan sitiyari? Na tuƙa ta, ta yi komai daidai, zuciyata ko motsi ba ta yi ba. Accord kuwa, tun daga EOD har zuwa Evil Spirit da ƙannenta, tana da jini a jika, sai dai cikinta ya yi kusa da ƙasa ga mai bin lungunan Narayi da damina. Golf GTI, wadda tun 1976 take koya wa duniya yadda ƙaramar mota ke cizo, saurayin ya kusa suma a gabanta. Magidancin ya buɗe but, ya rufe, ya ce mu tafi. RAV4 da CR-V, magidancin ya yi murmushi har kunne. Saurayin ya yi hamma.

Sai kuma tsohuwar muhawarar majalisa: tokumbo ko sabuwa? Ba na raina 'yar Beljiyam, ita ce ta rufa wa mafi yawanmu asiri. Amma duk wanda ya daɗe a harkar ya san irin cacar da ke ciki: wata an mayar da mitarta baya, wata ruwan ambaliya ta sha a Amurka aka shanya ta aka yi mata wanka da turare, wata kwalliya ce kawai aka yi wa raunin hatsari. Ga dala ta hau, ga diyutin kwastan ya bi ta, har tazarar da ke tsakanin tokumbo mai kyau da sabuwa ta fara sa mutum tunani. Ni kuma akwai wani buri da na daɗe ina ɓoyewa: sau ɗaya a rayuwa in zama farkon wanda zai ɓare leda. Ga shi kuma zakin Fijo ya riga ya dawo gida. A farkon 2022 kamfanin Dangote Peugeot, haɗin gwiwar Dangote da gwamnatocin Kaduna da Kano da Stellantis, uwar Peugeot ta yanzu, ya fara harhaɗa motoci a Dutse. Ba Dutsen Jigawa ba, tamu ta ƙaramar hukumar Chikun a kan hanyar Abuja, a masana'antar da aka gina don fitar da mota 120 a rana. Ɗan Kakuri ya ji wannan labari ya sayi wata mota daban? Da wane ido zai kalli Baba?

Dole in yi iƙirari: ba 3008 na je nema ba, 508 ce ta kai ni wurin. Kai! Wannan mota doguwa, siririya, mai kwantaccen rufi da ke gangarowa har wutsiya ba tare da ya karye ba, mai ƙofofin da gilashinsu ba shi da firam, mai tsayin da bai wuce mita 1.4 ba, wadda ko a tsaye take sai ka rantse gudu take yi. Na zagaya ta sau uku. Saurayin ya riga ya fara zaɓar lamba. Sai magidancin ya yi tambaya ɗaya tak: "Hajiya za ta iya sunkuyawa ta shiga nan da gwiwarta?" Ya ƙara da ta biyu: "Kwalbatin ƙofar gidanmu fa?" Na fita daga cikinta ina jin kamar wanda aka hana budurwa ana gobe ɗaurin aure. Har yau in na gan ta a titi ina yi mata sallama a zuci.

Juyawar da zan yi, sai ga 3008 a gefe tana kallona da waɗannan haƙora biyu na wuta. Na san tarihinta a takarda: wannan zubi na 3008 ya fito a 2016, ya ci kambun Motar Shekara ta Turai a 2017, jif na farko da ya taɓa cin sa, kambun da kakarta 504 ta ɗauka a 1969, sannan aka sake mata fuska a 2020. Amma gani ya kori ji. Na hau, na daidaita kujera, na kama sitiyari, aka ba ni izinin zagaye da ita. Kafin in dawo da ita wurin fakin, mutanen nan biyu da suka hana ni barci wata bakwai sun yi musafaha. Saurayin ya ce "ta yi". Magidancin ya ce "ta yi". Ban taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba sai ranar.

Kada ku tambaye ni nawa, ba na son tada tsohon miki. Abin da zan ce shi ne 406 ta tafi, filina na Kamazou ya bi ta, kwasar adashin shekara ta shiga, ƙungiyar taimakon juna ta wurin aiki ta cike gurbin. Na kwana biyu ina juyi a gado ina karanta wa kaina cewa sayen nagari mai da kuɗi gida. Ranar ɗauka kuwa, duk rawar jikin da nake yi bai hana ni natsuwa ba, kuma ina ba ku shawara ku ma ku natsu: na gwada lambar shasi da ta takarda harafi bayan harafi, na duba littafin garanti da hatiminsa, na ƙirga makulli biyu, na ɗaga shimfiɗar but na ga safaya da jak, na kunna kowace fitila, na murza kowane gilashi. Inshora kuma cikakkiya na yi, ba ta nuna wa 'yan sanda ba. Da na shigo layinmu, yara suka biyo ni da gudu, maƙwabta suka fito, wannan na cewa "Allah Ya sa rai aka yi wa", wancan na cewa "Allah Ya tsare, a kashe lafiya", matasan majalisa kuma suka ce sai an wanke. An wanke ta da tsire da lemo. Ban yi nadama ba.

Yanzu ku zo mu kalle ta tare, don na san abin da kuka zo ji ke nan. Fuskar nan! Ragar gaba ba ta da iyaka, ta bazu ne kamar saƙar zanen hula har ta shige ƙarƙashin fitilu ta narke cikin fenti, ga zakin tsaye a tsakiya, ga lambar 3008 a kan hancin bonet, ga fitilun rana biyu dogaye, sirara, masu kaifi, suna saukowa ta gefe kamar fiƙar zakin da ya buɗe baki. Da magariba in ta taho daga gadar da ta haɗa Kabala Costain da titin Aliyu Makama, tun daga nesa za ka san ita ce. A baya kuma fitilu uku-uku a kowane gefe, a cikin baƙin gilashi, kamar inda farce ya karta. Kafaɗarta a ɗage, ƙugunta a ɗaure, baƙin rufin ya sa ta zama kamar ta fi yadda take gajarta. Tsawonta mita 4.45 ne kacal, wato ta fi Camry gajarta nesa ba kusa ba, shi ya sa a cunkoson Sabon Tasha take kutsawa inda manya ke tsayawa suna huci. Kyakkyawa ce, kuma ta san kyakkyawa ce.

Amma ciki, 'yan'uwa, ciki ne inda aka kashe ni. Abin da suke kira i-Cockpit, wanda suka fara da 208 a 2012, a nan ya kai maƙura. Sitiyarin ɗan ƙarami ne, mai kauri, shafaffe sama da ƙasa, bai fi faifan rufe ƙwarya ba, yana zaune can ƙasa kusa da cinya, agogunan kuma suna sama, a sikirin mai inci 12.3, ta yadda ta saman sitiyari kake karanta su, idonka bai bar titi ba. Kwana biyun farko na ji baƙunta. A rana ta uku na ari motar wani abokina, na ji kamar an miƙo mini sitiyarin gingimari. Ga kuma maɓallan nan na ƙarfe masu sanyi a jere ƙarƙashin sikirin na tsakiya, kamar haƙoran fiyano, kowanne in ka danna shi yana ba da ɗan sautin da ke sa ka so ka sake dannawa. Ga sandar giya 'yar lanƙwasa mai kama da ta matuƙin jirgin sama. Ga dashbod ya karkato gabaɗaya wajen direba kamar yana raɗa masa magana. Ga siririyar wuta mai launi da ke bin gefen ƙofofi da dare. Akwatin da ke tsakanin kujeru kuwa rijiya ce, hannu na shiga har gwiwa. Autana ya ce jirgin sama Abba ya sayo. Ban gyara masa ba.

To inji fa? Lita 1.6 ne mai turbo, kuma na san akwai masu dariya a baya, 'yan V6 masu auna mota da girman tukunya. Ku yi dariyarku. Wannan inji ɗan gidan da Peugeot da BMW suka haɗu suka raina ne, danginsa ne aka taɓa sawa a cikin Mini Cooper S, kuma zuriyarsa ta ci kyautar gwarzon inji na duniya a ajinta shekara takwas a jere, daga 2007 zuwa 2014. Ƙarfinsa ya haura doki 160, amma ba yawan dokin ne abin so ba, inda suke fitowa ne. Turbo yana tura masa iska tun yana ƙasa-ƙasa, saboda haka ba sai ka matse shi ya yi ihu ba. Ɗan taɓi kaɗan, sai ka ji wani tattausan hannu mai ƙarfi ya tura ka gaba. Giyar otomatik ɗin kuma ta Aisin ce ta Japan, tana sauyawa sumul kamar ana zuba mai a tuwo. Ranar farko da na wuce Command Junction na miƙi hanyar Abuja, na bar Gonin Gora a baya, sai ga tirela biyu a jere suna jan ciki wajen Kakau. Na danna Sport, sitiyari ya ƙara nauyi, giya ta riƙe, na ja filafilin hagu na bayan sitiyari sau ɗaya, na taka. Kafin in gama bismillah tirelolin sun koma madubi. Na duba agogo na ga allura na neman wuce 100 ɗin da 'yan Road Safety suka yanka, na ɗaga ƙafa ina dariya ni kaɗai kamar sabon mahaukaci.

Gudu a miƙe kowa na iya yi. Inda ake gane ɗan halak shi ne kwana da gargada, kuma nan ne jinin gidan ya nuna kansa. Duk wanda ya taɓa zama a bayan 504 ya san yadda Fijo ke haɗiye rami ba tare da ta gaya wa ƙashin bayanka ba. Jikar ba ta kai kakar laushi ba, an ɗaure ta tamau don ta iya rawa, amma hikimar na nan. Na bi da ita hanyar Kachia da hantsi, ta Maraban Rido da Kujama har Kasuwan Magani, inda titi ke hawa yana sauka yana lanƙwasa tsakanin duwatsu da gonaki, kuma mota mai wannan tsayi da ya kamata ta riƙa tangaɗi kamar raƙumi sai ga ta tana kwanciya cikin kwana a natse, ɗan sitiyarin nan yana juya hancinta da motsin wuyan hannu kawai, birki yana kamawa daidai inda ka nufa, ba ƙari ba ragi. A shataletale kuwa abin har da son kai: nakan yi kamar na ɓata hanya don in sake zagayowa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kada ku ce labari nake ƙirƙira don so ya rufe mini ido, tarihin tsere na nan. Fijo 404 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu a shekarun 1960, 504 ta ci shi a 1975 a hannun Ove Andersson. Daga 1987 zuwa 1990 Peugeot ce ta riƙa lashe tseren Paris zuwa Dakar, a zamanin da ayarin ke ratsa Hamadar Tenere ya sauka Agadas, kuma sau uku a ciki Ari Vatanen ne a bayan sitiyari. 'Yan'uwanmu na Nijar da idonsu suka ga ƙurar. Shi kansa sunan 3008 ya ci Dakar a 2017 da Stéphane Peterhansel, ya maimaita a 2018 da Carlos Sainz. Na sani, na sani, waccan dodo ce da aka ƙera musamman, suna da kamannin fuska kawai suka haɗa da tawa. Amma in ɗan gidanku ya ci dambe a Sakkwato, ai kai ma kana tafiya da ƙirji a buɗe.

Magidanci, ga naka rabon. But ɗinta lita 520 ne, bakinsa a faɗaɗe, ƙasansa a shafe, ba sai ka ɗaga kaya sama ka jefa ba. Asabar ɗin ƙarshen wata a Kasuwar Monday ta Kakuri ya haɗiye buhun shinkafa uku, jarkar man gyaɗa, ƙwaryar doya da kwandon tumatir, ƙofa ta rufu ba tare da an danna da gwiwa ba. In ka ja 'yan hannayen da ke gefen but, kujerun baya su kwanta, sai ga fili ya kusa lita 1,500. Da shi na ɗauko keken ɗinkin uwargida da teburinsa. Ƙasan baya kusan a shafe yake, na tsakiya ba ya zama kamar mai hawan jaki, kuma akwai hancin esi na bayan, wanda ya kashe rabin faɗan yara a watan Afrilu. Tsayinta daga ƙasa ya kai santimita 22, kwalbatin ƙofar gida da tudun rage gudu na unguwa duk ta bi ta kansu ko gezau. Mai kuwa, in ka tuƙa ta da hankalin dattijo, tankinta mai lita 53 yana daɗewa fiye da yadda na zata. In ka bar saurayin ya karɓi totur, kada ka zo mini da kuka. Hajiya surukata ta zo, ta juya, ta zauna, ba hawa ba sunkuyo, ta ce "wannan ita ce mota". Shari'a ta ƙare.

So hana ganin laifi, in ji Hausawa, amma ni ina da 'yan ƙorafe-ƙorafe, na masoyi. Da ni aka tambaya, da an bar wa esi maɓallin murɗawa nasa na kansa, domin laluben sikirin don rage sanyi kana tsakiyar 'yan Keke a Television Garage aiki ne. Baƙin roba mai sheƙi da ke kewaye da giya yana da kyau na minti biyar, daga nan ƙurar hunturu ta rubuta sunanta a kai; yanzu tsumma na musamman nake ajiyewa. Gilashin baya ɗan tsukuku ne, kwalliya ta ci gani, kyamarar ribas ce ke ceto. Ƙafafun gaba ne kaɗai ke ja, saboda haka kada tsayinta ya ruɗe ka ka ce za ka bi Hilux cikin taɓon Agusta. Babban ƙorafina kuwa ba nata ba ne: ramukan wasu titunanmu, masu baki kamar wuƙa, da ke sa in riƙa addu'a wa tayoyina, da wani mai faci da ya cika mini iska da ido kamar yana hura ƙwallo. Na sayi ma'aunin iska nawa washegari.

Kuma ina roƙonku, ku da za ku bi sahuna, wannan ba 504 ba ce da ake gyarawa da filaya da waya a gindin mangwaro. Inji mai turbo yana son baƙin mai na asali irin wanda littafi ya faɗa, a kan lokaci, ba sai ya yi kauri kamar kwalta ba. Yana son fetur mai tsabta, don haka ka zaɓi gidan manka ka riƙe shi kamar aminin kirki, ka guji na jarka a bakin titi. Lagireto kulant yake sha, ba ruwan rijiya ba. Duk bakaniken da ya ce maka "bari mu cire tamostat mu haɗa fanka dairek, ƙasarmu da zafi", ka karɓi makullinka ka yi masa sallama cikin mutunci. Da safe ka bar ta ta ɗan ja numfashi kafin ka matsa mata, bayan doguwar tafiya kuma ka ba ta ɗan lokaci kafin ka kashe. Motar kwamfuta ce, wurin masu na'urar dubawa za ka kai ta, balle tana cikin garanti. Ka riƙe ta da kyau, ta riƙe ka.

Akwai abu ɗaya da ban gaya muku ba. Ranar da na ɗauko ta na ɓare ledar ko'ina, ban da ta kujerar gaba ta mai zaman banza. Uwargida ta yi mita, na ce ta yi haƙuri zuwa Asabar. Asabar da safe na tsallaka Kakuri. Baba ya fito da sandarsa, ya zagaya ta a hankali, ya ƙwanƙwasa fenda da bayan yatsa, ya shafa zakin. Ya buɗe ƙofa ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe, kunnensa a karkace yana sauraren sautin.

"A ina aka haɗa ta?"

"Dutse, Baba. Nan hanyar Abuja."

"Yaranmu ne suka ɗaure ta?"

"Su ne."

Ya gyaɗa kai. Na nuna masa kujerar na ce, "Bismillah, Baba, ku za ku ɓare." Ya daɗe yana kallona. Sannan ya jingine sandar, ya sa hannu biyu, hannayen da suka yi shekara talatin a bakin injin saƙa, ya yage ledar tun daga sama har ƙasa, ya ninke ta da kyau ya sa a aljihu.

Muka bi ta Peugeot Junction, bai ce komai ba, kallo kawai yake ta taga. Ni kuma ina tafiya a hankali, tuƙin ladabi, irin wanda ya dace da mai ɗauke da dattijo. Muka wuce Gonin Gora, titi ya buɗe, babu kowa a gaba. Sai na ji ya gyara zama, ya ja bel ya ƙara ɗaurewa, ya dube ni ta gefen ido.

"Kai yaro, jana'iza za mu? Taka ta mana mu ji."

Ashe saurayin nan gadonsa na yi.